Harley-Davidson: babur ɗin da faɗin ƙasar Amurka ya ƙera

Birnin Milwoki yana bakin tafkin Mishigan, cikin jahar Wiskonsin, wajen kilomita 150 arewa da Shikago. Sunan tafki kawai ruwan nan ya ci, domin wanda ya tsaya bakinsa ba ya hango ƙetare, kuma in hunturu ya shigo iskar da ke tasowa daga kansa ba ta jin kunyar kowace irin riga. Gari ne na maƙera da masu dafa barasa, da yawansu jikokin Jamusawa ne da mutanen Polan da suka yi ƙaura zuwa can a ƙarni na 19. A nan ne, cikin shekara ta 1903, wasu samari biyu, William Harley da Arthur Davidson, suka shiga wata rumfar katako mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 da rabi a bayan gidan su Davidson, suna ƙoƙarin ɗora inji bisa keke. Daga baya ƴan'uwan Arthur biyu, Walter da William, suka shigo cikin sana'ar. Rumfar nan ba ta fi shagon tela ba, amma daga cikinta sunan Harley-Davidson ya fito.

A shekara ta 2008 kamfanin ya buɗe gidan tarihinsa a bakin kogin Menomonee, cikin tsohuwar unguwar masana'antu. Baƙon da ya shiga zai tarar da babur mafi tsufa da kamfanin ya mallaka, an killace shi cikin gilashi, siriri, da fedar keke a jikinsa. Zai ga baburan soja masu launin ganye, irin waɗanda aka ƙera kusan 90,000 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da na ƴan sanda, da wanda mawaƙi Elvis Presley ya saya a 1956. Can gefe kuma akwai wani da tsatsa ta cinye: ambaliyar teku ta 2011 ce ta ɗauke shi daga Japan cikin akwatin wata motar kaya, ya yi shekara guda bisa ruwa, aka tsince shi a gaɓar Kanada. Mai shi ya ce kada a gyara, a bar shi haka don tunawa da waɗanda ruwan ya ci.

Amma abin da ya sa sunan kamfanin ya zama abin da ya zama, shi ne babban babur na doguwar tafiya, wanda ake kira Electra Glide. Kafin a gan shi ana jin shi, don haka daga sautin ya kamata a fara.

Tun 1909 kamfanin ke yin inji mai silinda biyu, waɗanda suka buɗe kamar yatsu biyu, da kusurwar digiri 45 tsakaninsu. Fistan biyun duka a fegi ɗaya suke rataye jikin sandar da ke juyawa. Sabili da haka ba su bugawa a daidai tazara. Na farko ya buga, sandar ta juya digiri 315, na biyu ya buga, sa'an nan sai ta juya digiri 405 kafin na farkon ya sake bugawa. Tazara gajera, tazara doguwa, gajera, doguwa. Abin da kunne ke ji ke nan, kamar sukuwar doki bisa ƙasa mai tauri, kuma in babur yana tsaye injin na tafiya a hankali, sai a yi zaton yanzun nan zai mutu, amma ba ya mutuwa. Amurkawa suna cewa ya yi kama da mutum yana ta maimaita sunan dankali da harshensu. Injiniya zai ce wannan aibi ne, domin inji mai irin wannan bugu dole ya yi jijjiga, kuma gaskiyarsa. Sai dai aibin nan ne hajar da ake saye. A 1994 kamfanin ya nemi hukuma ta yi masa rajistar sautin a matsayin mallakarsa, masu ƙera babura na Japan suka ƙi yarda, aka yi shekara shida ana ja-in-ja, a 2000 ya janye. Ɗan kasuwar da ya taɓa ganin an kwaikwayi tambarin hajarsa zai gane abin da ya kai su ga neman mallakar ƙara.

Babur ɗin bai fito rana ɗaya ba. Kakansa ya bayyana a 1941 da inji mai girman santimita 1,200. A 1949 aka sa masa ƙafafun gaba masu mai a ciki don tare girgizar hanya, aka kira shi Hydra-Glide. Har zuwa lokacin tayar baya a manne take da ƙashin babur, duk ramin da ta faɗa sai bayan mahayi ya ji. Sai a 1958 aka sa mata sifirin, suna ya koma Duo-Glide. A 1965 aka kawo maɓallin tayarwa na lantarki, daga nan sunan Electra Glide ya samo asali. Wanda bai taɓa buga inji mai girman nan da ƙafa ba, ba zai san darajar maɓallin ba: in injin ya mayar da bugu yana iya gurɗe ƙafar ƙato. A 1969 kuma aka ƙara garkuwar gaba mai siffar fikafikan jemage, wadda ke tare wa mahayi iska, ita ce fuskar da ake gane shi da ita daga nesa har yau. Injin ya ci gaba da girma, ya kai santimita 1,340 a ƙarshen shekarun 1970, wato ya ninka na babur mai 125 da ake kai-da-kawo da shi cikin gari fiye da sau goma, kuma injin Milwaukee-Eight da aka fito da shi a 2016 ya haura 1,700.

In an cika shi da kaya irin na masu tafiya, nauyinsa yana kai kilo 400. In ya faɗi, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai ya san dabara: ya juya masa baya, ya durƙusa, ya tura da cinyoyi. Sirdinsa ƙasa-ƙasa ne kuma mai faɗi, ƙafafu ba bisa ɗan ƙarfe suke ba, bisa faranti suke shimfiɗe kamar na mai zaune a zaure. Giya ana sa ta da diddige da yatsu. Akwatuna biyu a gefe, babba ɗaya a baya, jikinsa kuma an yi majingina ga wanda aka goya, mafi yawa uwargida, har da wurin ɗora hannu. Akwai rediyo cikin garkuwar gaba. Tankin yana cin lita 19 a tsoffin, kusan 23 a waɗanda aka yi daga 2008, abin da zai kai mutum fiye da kilomita 300 kafin ya nemi gidan mai.

Ba babur ɗin tsere ba ne, kuma masu shi ba su taɓa cewa shi ne ba. Ƙaramin babur na Japan mai rabin injinsa zai bar shi a baya. A kwana mai tsanani farantin ƙafa yana kartar kwalta tun kafin mahayi ya gama kwantar da shi. Cikin cunkoson gari azaba ne, domin iska ce ke sanyaya injin, silindar baya kuwa tana ɓoye bayan ta gaba, sai zafinta ya riƙa gasa cinyar mahayi. Sai a 2014 aka fara sa ruwan sanyaya a kawunan wasu daga cikinsu. Ƙarfinsa a wani wuri yake. Inji ne mai jan kaya tun yana juyi a hankali, kamar amale, ba kamar ɗan maraƙi mai tsalle ba. A gudun kilomita 100 bai kai juyi 3,000 a minti ba, ba ya kuka, ba ya haki. Nauyin da ya zama wahala a gari, a buɗaɗɗiyar hanya shi ke riƙe shi ƙasa sa'ad da babbar motar kaya ta wuce da iskarta. Mutum yana iya hawa da hantsi, ya sauka da magariba, ya ci kilomita 700 ko 800, ya kuma tashi washegari ya sake. Ƙasa mai faɗi, mai miƙaƙƙun hanyoyi da mai mai araha, ita ta buƙaci irin wannan abin hawa, kuma a wajenta rabin hikimarsa ɓacewa yake.

Saura kaɗan babur ɗin ya zama labari. Babban abokin hamayyarsa na gida, kamfanin Indian, ya rufe a 1953, Harley ya rage shi kaɗai, abin da ba ya yi wa ɗan kasuwa kyau. A 1969 wani kamfani mai suna AMF, wanda aka fi sani da kayan wasanni, ya saye shi, ya mayar da harhaɗa baburan zuwa garin York na jahar Pensilbaniya a 1973, ya matsa a yawaita ƙira. Yawa ya ƙaru, inganci ya zube. Sababbin babura suna ɗigar da mai tun suna ɗakin dillali, har masu su suka mayar da abin raha, suna cewa ba yoyo yake ba, shaidar makwancinsa yake sawa. Ana cikin haka Honda ya fito da Gold Wing a 1975, mai silinda huɗu, mai sanyaya da ruwa, marar jijjiga, marar yoyo. A 1981 manyan ma'aikata 13, cikinsu har da Willie G. Davidson, jikan ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gidan, suka ci bashi suka fanshi kamfanin a kan dalar Amurka wajen miliyan 80. Suka je masana'antar Honda da ke jahar Ohayo suka ga yadda ake aiki, suka dawo suka kwaikwaya ba tare da jin kunya ba. A 1983 shugaba Ronald Reagan ya ɗora harajin duwan na kashi 45 cikin 100 bisa manyan baburan waje masu inji sama da 700, wanda zai riƙa raguwa cikin shekara biyar. A 1984 sabon inji mai suna Evolution ya fito, wanda ya daina yoyo. A 1987, tun wa'adi bai cika ba, kamfanin da kansa ya roƙi gwamnati ta cire harajin. Ba kasafai ake jin wanda aka yi wa katanga ya ce a rushe ta ba, ko da yake masu lura sun ce a lokacin harajin ya riga ya ragu ƙwarai, roƙon ya fi kama da talla.

Abin da ya fi harajin amfani shi ne ƙungiyar masu babur da kamfanin ya kafa a 1983, wadda ta mayar da mai saye ɗan dangi. Ana kuma sayar da riguna, da takalma, da hula, da duk abin da za a iya manna wa tambari. A 2006 kamfanin ya fitar da babura kusan 350,000. A 2024 bai kai rabin haka ba. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya dubi mahayan in sun tuɓe kwalkwali: furfura ce. Sabon babur na doguwar tafiya a 2024 ya kama daga dalar Amurka wajen 25,000 zuwa sama, wato sefa miliyan 15 ko fiye, kuɗin da saurayi mai bashin karatu ba ya da su, kuma ko yana da su ba lalle ne mafarkin ubansa ya zama nasa ba.

Hanyar da aka fi danganta babur ɗin da ita, ita ce mai lamba 66. An kafa ta a 1926, daga Shikago zuwa Kalifoniya, kilomita 3,940, ta ratsa jahohi takwas. Kamar a yi Yamai zuwa Damagaram sau huɗu a ƙara da wani abu. A shekarun 1930, da fari da guguwar ƙura suka kashe gonakin Oklahoma, ta nan dubban iyalai suka bi zuwa yamma, da katifu ɗaure bisa tsoffin motoci. Wanda ya san fari ba ya bukatar a yi masa bayanin tafiyar nan. Bayan yaƙi hanyar ta zama ta masu yawon hutu, kowane ƙauye ya samu gidan mai, da masauki, da mai sayar da abinci. Sai dokar 1956 ta kawo manyan hanyoyi masu layi huɗu waɗanda ba su shiga gari. Ɗaya bayan ɗaya aka kewaye garuruwan, na ƙarshe shi ne Williams na jahar Arizona a 1984, kuma a 1985 aka soke lambar 66 daga rajistar hanyoyin ƙasa. A Glenrio, kan iyakar Teksas da Niyu Meksiko, gidajen mai suna nan tsaye ba ƙofa, ciyawa ta fasa dandamalinsu. Ba yaƙi ya ci garin ba, ba annoba ba. Hanya ce ta matsa gefe kaɗan.

Garin Seligman ma an kewaye shi a 1978, ciniki ya mutu rana ɗaya. Wani wanzami na garin, Angel Delgadillo, ya tara maƙwabta a 1987 suka kafa ƙungiya, suka matsa wa hukumar jaha har ta amince tsohuwar hanyar ta zama ta tarihi. Abin da ya rage mata ke nan na sayarwa, tsufanta, kuma masu saye suka samu. Kamfanonin haya suna ba baƙi Harley a Shikago su karɓa a Los Anjeles bayan mako biyu, kuma da yawan masu hayar Faransawa ne da Jamusawa, waɗanda suka san Amurka ta silima kafin su taka ta. Daga yankin Seligman zuwa kogin Kolorado akwai fiye da kilomita 250 na tsohuwar kwalta da ba ta yanke ba. A nan ne ake gane babur ɗin: layin dogo a gefe, jirgin kaya mai tarago fiye da ɗari yana tafiya tare da mahayi, tsaunuka ja can nesa ba su matsowa, in wani babur ya taho daga gaba sai kowa ya sauke hannun hagu ƙasa ya miƙa yatsu biyu, gaisuwar ke nan. Bayan Kingman hanya ta hau dutse, ta shiga lanƙwasa masu tsanani ba shinge, nan kuwa kilo 400 yake tuna wa mutum da kansa. A gangare akwai Oatman, tsohon garin masu haƙar zinariya, inda jikokin jakunan da mahaƙa suka saki suke yawo tsakiyar titi suna leƙa akwatunan babura. Daga nan sai hamadar Mojabe, inda zafin bazara ke haura digiri 45, ga inji yana ƙara nasa daga ƙasa.

Babban taron masu irin wannan babur kuwa ba bisa hanyar 66 ake yin shi ba. A Sturgis ake yi, wani gari mai mutum wajen 7,000 cikin Dakota ta Kudu, kusan kilomita 1,400 yamma da Milwoki, bayan an ƙetare kogin Misisipi da na Misuri, gonakin masara sun ƙare, makiyaya ta fara. An soma shi a 1938 da ƴan tsere tara, kuma wanda ya kira shi, Clarence Hoel, dillalin Indian ne, ba na Harley ba. A farkon watan Agusta, kwana goma, garin yana karɓar baƙi wajen rabin miliyan. A 2015 sun haura 700,000. Ana hana motoci shiga babban titi, babura su jeru gefe da gefe da kuma tsakiya, iyakar ganin ido. Mutanen gari da yawa suna ba da hayar gidajensu da farfajiyarsu su bar garin, wasu cinikin kwana goman nan ne ke riƙe su shekara. Sunan da ƴan daba masu babur suka yi tun ƙarshen shekarun 1940 yana nan yana bin taron, amma wanda ya cire wa mafi yawansu baƙar rigar fata zai tarar da likitan haƙori, da akawu, da tsohon soja mai fansho. Wasu ma a tirela suke jawo babur ɗin daga gida, su sauke shi kusa da gari su shigo a kai, waɗanda suka yi kwana uku bisa sirdi kuma suna yi musu kallon da matafiyin ƙafa ke yi wa wanda ya tarbi ayari a ƙofar gari. Ba a rasa abin baƙin ciki: barasa tana gudana, dokar jahar ba ta tilasta wa wanda ya kai shekara 18 sa kwalkwali ba, kuma kusan kowace shekara akwai waɗanda ake mayarwa gida cikin akwati.

Abin da ke jawo su shi ne tsaunukan da ke kewaye, Baƙaƙen Duwatsu, masu dajin da ke yin duhu in an hango shi daga fili. Hanyoyinsu an yi su ne don kallo. Ɗaya daga ciki tana ratsa ramukan da aka fafe cikin dutse, an kuma daidaita su yadda mai fitowa zai ga fuskokin shugabanni huɗu na dutsen Rushmore a gabansa: Washington, Jefferson, Theodore Roosevelt da Lincoln, kowace fuska mita 18, an sassaƙa su tsakanin 1927 da 1941. Ƙarar dubban injuna tana cika kwaruruwan tun asuba.

Ƙasar tana da masu ita. Ƙabilar Lakota suna ɗaukar duwatsun nan wuri mai tsarki, kuma yarjejeniyar 1868 ta tabbatar musu da su. A 1874 ayarin soja ƙarƙashin Custer ya ba da labarin zinariya, mahaƙa suka kwararo, a 1877 majalisar Amurka ta ƙwace yankin. Kilomita kaɗan daga Sturgis akwai dutsen Bear Butte, inda har yanzu ake zuwa azumi da addu'a, ana ɗaura ƙyallaye masu launi jikin itatuwa. A shekarun 2000 an yi ta rigima kan mashaya da dandalin kiɗa da aka gina kusa da shi domin baƙin Agusta. A 2020, lokacin annobar korona, da aka ƙi ɗage taron, wasu daga cikin ƙabilun suka riƙa mayar da masu babura baya a shingayen da suka kafa a hanyoyin da suka ratsa yankunansu. Tun a 1980 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙwacen 1877 ya saɓa wa doka, ta ce a biya diyyar da ta haura dalar Amurka miliyan 100. Lakota, waɗanda wasu gundumominsu suna cikin mafi talauci a duk Amurka, suka ƙi karɓa, suka ce duwatsun ba na sayarwa ba ne. Kuɗin suna ajiye a hannun gwamnati suna haihuwa, sun daɗe da wuce miliyan 1,000.